Masanin Ƙasa: Aikin Da Ba A Ɗaga Masa Hannu A Aji

A wannan karon shafin kimiyya na allonmu ya faɗo hannun 'yan aji uku, kuma mun zaɓi mu yi magana a kan wani aiki da ba mu taɓa jin wani a makarantar nan ya ce shi yake so ba. Duk ranar da malami ya tambaya me za ku zama, amsoshin ba sa canzawa: likita, soja, lauya, injiniya, nas. Har masu son zama gwamna akwai, tunda Tambuwal ta taɓa fitar da ɗaya. Amma masanin ƙasa? Shiru kake ji. Ba ƙasa irin Najeriya ko Nijar muke nufi ba, a'a, wannan da muke takawa, wadda muke sharewa kowace safiya kafin taron asuba na makaranta.

Mu ma da muka fara jin sunan aikin dariya muka yi. Wani a cikinmu ya ce kakansa bai taɓa shiga aji ba, amma da ya damƙi ƙasa ya murza zai gaya maka ko ta gero ce ko ta shinkafa. Malaminmu na kimiyya ya ce gaskiya ne, kakan nasa masani ne, amma akwai abin da hannu ba ya ji, ido ba ya gani, hanci ba ya shaƙa. Sai ya ce mu kawo gorar roba uku washegari.

Ga abin da muka yi, kuma kowa zai iya gwadawa a gida. Mun yanke gindin kowace gora, muka ɗaure bakinta da ƙyalle, muka kifa ta a kan kofi. Ta farko muka cika da yashi, ta biyu da jar ƙasar bayan aji, ta uku da baƙar lakar fadama. Muka zuba ruwan kududdufi mai dauɗa a kowace. A gorar yashi ruwan ya wuce nan da nan. A jar ƙasa ya ɗan jima. A laka kuwa har aka kaɗa ƙararrawar tara bai gama ɗiga ba. Ruwan da ya sauka a kofunan ya fi wanda muka zuba haske sosai, muka yi ta murna, wai mun gano matacin ruwa. Sai Malam ya ce mu sake sabuwar ƙasa, wannan karon mu zuba ruwa mai tsabta da aka narka gishiri a ciki. Ya fito garau. Ɗaya daga cikinmu ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska. Gishirin yana nan, ƙasar ba ta riƙe shi ba.

Abin da muke so mu bayyana ke nan. Ƙasa rariya ce, amma ba kome take tarewa ba. Wani abu tana kama shi ta riƙe a sama, wani kuma tana barinsa ya bi ruwa ya gangara. Sanin wanne ne zai tsaya, wanne ne zai wuce, da kuma tsawon lokacin da zai ɗauka, shi ne babban ɓangaren aikin masanin ƙasa.

To ina ruwan yake gangarawa? Yawancinmu mun taso muna zaton akwai wani kogi a ƙarƙashin ƙasa da masu haƙa rijiya suke cim ma. A yankinmu ba haka abin yake ba. Ruwan sama ne yake tsuma ƙasa, ya bi ta 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, ya sauka har inda ya tarar da laka ko dutsen da ba ya barin ruwa ya wuce. Nan zai taru ya cika kafofin, kamar soson da aka tsoma a bokiti. Mai haƙa rijiya yana haƙa ne har ya kai wannan jiƙaƙƙen yashi. Shi ya sa a fadama ba a yin nisa ake samun ruwa, a tudu kuwa sai an haɗa igiya mai tsawo. Shi ya sa kuma ruwan rijiya yake ja da baya a bazara ya taso bayan damina. Ruwan da guga ya ɗebo yau, wata rana a saman ƙasa yake, kuma duk abin da ya tarar a hanya ya gaisa da shi.

Labarin da ya sa muka daina dariya ba daga nesa ya zo ba. Daga Kebbe idan aka yi gabas an shiga ƙasar Gummi, bayan Gummi sai Bukkuyum da Anka a Jihar Zamfara. Gulbin Zamfara ma da ke ratsa yankinmu ya nufi Jega ta can yake biyowa. A watan Maris na 2010, kafin a haife mu, ma'aikatan ƙungiyar likitoci na gari na kowa, wato MSF, suna zagayen duba cutar sanƙarau, sai suka tarar ƙananan yara suna ta mutuwa a wasu ƙauyukan can. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, ba sauƙi. Kafin nan ma mutanen ƙauyukan sun lura agwaginsu sun ƙare, amma ba wanda ya haɗa mutuwar agwagi da ciwon yara. Sai da aka kai jinin yaran ɗakin gwaji a Turai aka gano gubar dalma ce.

Daga ina dalmar? Daga neman zinari. Farashin zinari ya tashi a waɗannan shekarun, mutane suka dukufa haƙo duwatsu daga daji suna kawowa cikin gari. Ana farfasa su da guduma, a daka a turmi, a niƙa a injin irin na niƙan hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ashe dutsen zinarin yankin cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, a ɗaki, a kan abinci. Yaro mai rarrafe kuwa kun san hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin tsotse dalma. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya nuna cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Wato ɗaya cikin huɗu. Ku dubi ajinku ku ƙirga. Jimillar yaran da suka rasu a annobar ta kai 400 ko fiye. Allah Ya ji ƙansu. Da yawa cikin waɗanda suka rayu kuma gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, domin ɓarnar da dalma take yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa.

A nan ne muka ci karo da abin da ya fi ba mu mamaki. Likitoci suna da magani, wanda ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma sun ce ba amfanin a ba yaro magani a asibitin Anka ko Bukkuyum, sannan a mayar da shi gidan da zai ci gaba da haɗiyar gubar. Dole sai an gyara ƙasar gidan tukuna. Likita da kansa ya tsaya yana jiran masanin ƙasa.

Waɗanda suka zo yin aikin sun haɗa da injiniyoyin muhalli na kamfanin TerraGraphics daga jihar Idaho ta Amurka, tare da cibiyar Blacksmith, suka yi aiki da ma'aikatan muhalli na Jihar Zamfara da sarakunan yankin. Cikin jagororin aikin a fili akwai Simba Tirima, ɗan asalin Kenya. Babban makaminsu wata na'ura ce da ake riƙewa a hannu, ana ce mata XRF. Ana ɗora bakinta a ƙasa, ta harba wani haske irin na hoton ƙashi, cikin ɗan lokaci ta nuna yawan dalmar da ke wurin. Gida gida suka bi, suna zana taswirar kowane gida, suna rubuta lamba a kowane lungu: nan wurin girki, nan gindin turmi, nan bakin rijiya.

Mun yi lissafin lambobin a allo don mu fahimce su. Ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka take amfani da shi a lokacin, a wurin da yara ke wasa, shi ne kada dalma ta wuce miligiram 400 a kilo ɗaya na ƙasa. Idan aka cika buhu mai kilo 100 da irin wannan ƙasa, dalmar cikinsa giram 40 ce kawai. A wasu wurare a ƙauyukan nan an samu fiye da miligiram 100,000 a kilo. Wato a buhu ɗaya akwai kilo 10 na dalma, ninki 250 na abin da aka yarda. A kan wannan ƙasa yara suke rarrafe.

Yaya ake wanke ƙasa? Dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, rana ba ta kashe ta. Amma tana da hali ɗaya da ya taimaka: tana manne wa ƙwayoyin laka da ruɓaɓɓen ganye, ba ta cika yin nisa cikin ƙasa ba. Da aka auna aka ga yawancinta a fatar sama take. Saboda haka aka ɗauki mutanen ƙauyukan aiki, da fartanya da shebur da baro, suka kankare kimanin santimita 5 na saman ƙasar. Santimita 5 bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Aka ɗura a buhuna, aka kai ramukan da aka haƙa musamman a bayan gari aka binne. Aka sake ɗora na'urar a ga ko saura, sannan aka kawo ƙasa mai tsabta, ita ma sai da aka auna ta, aka shimfiɗa. An share ɗakuna, an wanke kayan gida. An fara a watan Yuni na 2010, ana tsere da damina, domin idan ruwa ya sauka hanya ta yanke kuma ambaliya ta kwashi gubar ta kai kududdufai. Zuwa farkon 2011 an gama ƙauyuka bakwai.

Bagega, wadda ta fi su girma, ita ta sha jira. Ba kuɗi. Yaran garin suna nan da dalma a jini, likitoci suna nan da magani, ba a iya haɗa su ba. Sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka yi ta matsa wa gwamnati ta rediyo da intanet, sannan a watan Janairu na 2013 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta saki kuɗin, aka gyara Bagega a wannan shekarar. A ganinmu jinkirin nan abin kunya ne, domin kowane wata da ya wuce a jikin yara ya wuce. Idan aka haɗa ƙauyukan takwas, an kwashe ƙasa da tarkacen dutse fiye da mita 27,000 na murabba'in ciki, daga gidaje da wuraren niƙa 820, yawanci da hannu. Idan tifa tana ɗaukar mita 10, lodi 2,700 ke nan. Bayan haka aka samu damar yi wa yara fiye da 2,300 magani. Kuma abin bai tsaya a Zamfara ba, a 2015 irinsa ya sake faruwa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Ruwan rijiyoyin ƙauyukan fa? Masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun zo cikin 2010 sun auna. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dalma ta wuce maikrogiram 10 a lita ɗaya ta ruwan sha. Mun lissafa wannan ma: giram ɗaya tak a cikin lita 100,000, wato jarka 4,000 masu lita 25. Wasu rijiyoyin sun wuce wannan ƙa'ida. Sai tambaya ta taso, ta ina gubar ta shiga, ta ƙarƙashi ko ta baki? Alamu sun nuna ta baki ce: ƙura tana faɗawa, ruwan sama yana wanko ƙasar bakin rijiya, guga yana taɓa ƙasa a mayar da shi ciki. Wannan amsar tana da muhimmanci ƙwarai. Idan ta baki ce, ana iya yashe rijiya, a ɗaga bakinta da siminti, a yi mata murfi. Idan kuwa jiƙaƙƙen yashin nan na ƙarƙashi ne ya gurɓata, to an shiga doguwar wahala.

Wanda yake son ganin irin wannan wahalar ya dubi ƙasar Ogoni a Jihar Ribas, inda aka yi shekaru man fetur yana malala. Shi mai ba kamar dalma yake ba, yana ratsa ƙasa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Agusta 2011 ya ce a Nisisioken Ogale an tarar da mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma sinadarin benzin, mai jawo ciwon daji, ya ninka ƙa'ida sau 900 a rijiyoyin da mutane ke sha. Rahoton ya ce gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. An ƙaddamar da aikin a 2016. Irin wannan gyara ba na fartanya ba ne. Ana haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji a kewaye don a gane inda gubar ta nufa da saurin tafiyarta. Ana zuƙo ruwan da famfo a tace shi. Ita kuma ƙasar da ta sha mai ana juya ta, ana ba ta iska da taki, domin akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani waɗanda mai ne abincinsu, a hankali su cinye shi. Wannan dabarar ba ta aiki a kan dalma, babu ƙwayar da za ta cinye ƙarfe ya ɓace. Kowace guba da halinta.

Wani zai ce mu a Tambuwal da Kebbe ba mu da rijiyar mai, ba ma niƙa dutsen zinari a tsakar gida. Haka ne. Amma Hausawa sun ce idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Namu matsalolin ƙanana ne a ido, kuma kullum muna wuce su. Masai da aka haƙa kusa da rijiya shi ne na farko. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu, kuma masai ya kasance ta gangare. A gidajen cikin gari da yawa filin ma bai kai haka ba, kuma masan maƙwabci yana iya zama bayan katangar rijiyarka. Ku tuna gorar yashi da yadda ruwa ya wuce cikinta da gudu. Na biyu takin zamani da ya yi yawa a fadamun albasa da shinkafa. Abin da shuka ba ta ci ba yana zama sinadarin naitret, shi kuma kamar gishirin gwajinmu yake, ƙasa ba ta riƙe shi. Idan ya wuce miligiram 50 a lita yana da haɗari ga jarirai, yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Sai baƙin man da ake zubarwa a garejin kanikawa a gefen babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, da tsofaffin baturan mota da na sola da ake fasawa, waɗanda cikinsu dalma ce, da wanke tankin feshi a bakin rijiya.

Abu biyu muka koya da muka koma gida muka faɗa, ba kowa ya ji daɗinsu ba. Na farko, tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire dalma ko naitret. Ruwan ne ma yake raguwa, su kuma su zauna. Na biyu, tozalin dutse da ake saka wa jarirai a ido, wani irinsa daga dutsen dalma ake yinsa. Wata a cikinmu ta gaya wa kakarta, kakar ta ce, "Ke da aka rena da shi, ga idonki nan kamar na mage." Ba ta ƙara magana ba, don ba a musu da kaka, amma ta kai maganar wurin babanta.

Yanzu ga hanyar, ga wanda ya ji abin ya shiga ransa. Matakin farko yana gabanmu mu 'yan aji uku: bayan jarrabawar kammala ƙaramar sakandare a zaɓi ajin kimiyya. Sai a riƙe kemistiri da kyau, domin shi ne harshen da ƙasa take magana da shi, tare da lissafi, fiziks, bayoloji, darasin aikin gona da Turanci. Kada a raina jogirafi, aikin taswira ba ya ƙarewa. A jami'a ilimin ƙasa yana ƙarƙashin tsangayar aikin gona, karatun shekara biyar ne, har da shekarar da ake yi a gona ana aikin hannu. Ana koyar da shi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda take da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da asalinta ya faro tun 1922. Wanda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi jan hankalinsa sai ya karanta ilimin duwatsu ko injiniyancin ruwa, kuma akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, Kaduna. Tun 2017 akwai dokar da ta kafa cibiyar da ke yi wa masana ƙasa rajista a Najeriya. Wuraren aiki sun haɗa da ma'aikatun gona da muhalli, hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli, kamfanonin haƙa burtsatse, ƙungiyoyin agaji, da koyarwa.

Ba za mu ɓoye muku ba, aiki ne na rana da ƙura. Rabinsa a fili ake yi, ana haƙa rami ana duba launin ƙasa hawa hawa, ana ɗura samfuri a leda da kwalba ana rubuta lamba. Rabinsa a ɗakin gwaji, inda kuskuren ɗigo ɗaya a lamba zai iya sa a ce wa gari ruwansu lafiya lau alhali ba haka ba. Kuma ba a yi wa masanin ƙasa kirari kamar likita. Amma akwai abin da ɗan gida zai yi wanda baƙo ba zai iya ba. A ƙauyukan Zamfara gubar a cikin gidaje take, gidajen da namiji baƙo ba ya shiga kai tsaye, ga kuma bambancin harshe. Mace mai ilimin nan, mai jin Hausa, da sallama kawai za ta shiga ta zauna da matan gida ta bayyana musu abin da na'urar ta nuna. Saboda haka 'yan uwanmu mata, wannan shafin har da ku aka rubuta shi.

Ranar 5 ga Disamba ce Ranar Ƙasa ta Duniya. Kafin ranar, ƙungiyarmu ta nemi izinin shugaban makaranta mu auna tazarar da ke tsakanin rijiya da masai a gidajenmu, kowa a nasu gidan, bayan ya nemi yardar maigida. Ba za mu rubuta sunan gidan kowa ba, lambobi kawai za mu liƙa a wannan allo. Wanda yake so ya shiga ya same mu ranar Alhamis bayan tashi a gindin dogon yaro na bakin ɗakin karatu, ya zo da igiya. Tef ɗin awo ɗaya muke da shi, na Malam ne, da shi za mu sa wa kowace igiya ƙulli a kan kowace mita.